Shekarar da Aka Ce Na Yi Yaji

Hadiza, Nasiru, Maryama, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune. Ranar sunan ɗan Nasiru ina cikin ɗaki ina gyara kwanuka, na ji wata gwaggonku a tsakar gida tana ba mai jego labari, wai uwar mijinta ta taɓa yin yaji, ta bar gida wata da watanni da 'yar yaye a ƙasa, sai da aka sha wuya kafin ta dawo. Ku uku kuna wurin, babu wanda ya musa. Ban ga laifinku ba, abin da kuka tashi kuka tarar ana faɗi ke nan. To ku ji daga bakina: ban yi yaji ba. Babanku, Allah Ya jiƙan shi, har ya bar duniya bai ba ni dalilin ɗaure kaya ba. Yayanku na kai makaranta Rabah, kuma da za a maido ni waccan shekarar, wallahi hanyar da na bi ita zan sake bi.

Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, har ku ɗaga waya ku yi hoto. Mu ba haka muka samu ba. Ɗan fari ba na uwa ba ne. Ranar da aka yaye yayanku, Inna, kakarku ta wajen uba, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, can yake ci, can yake kwana. An sa masa sunan marigayi kakanku, mijin Inna, saboda haka ita ba ta kama sunan, Maigida take ce masa, sauran mutanen gida su ce Baba. Ni kuwa ƙofa biyu aka rufe min, ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. In dole ta kama sai in ce yaron nan. In ya yi tuntuɓe a gabana ya fashe da kuka, sai in ci gaba da tankaɗe kamar ɗan maƙwabta ne, har wata ta zo ta ɗauke shi. Kuma an yabe ni ƙwarai. Inna da bakinta take ce wa ƙawayenta ɗiyar masunta ce amma ta san kunya. Ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye muku ba.

Yana shekara huɗu sanƙarau ya shigo Wurno da bazara. Yayanku ya kwanta, Allah Ya tashe shi, amma kunnen bai tashi tare da shi ba. Da fari mun ɗauka shagwaɓa ce irin ta wanda ya sha jinya. Sai ranar da jakin Baffanku Ladan ya yi kuka a bayansa, dab da ƙeya, kaji suka watse, shi ko waiwaye bai yi ba. Inna ta yi iyakar yinta, kada wani ya ce muku ba ta so shi ba. Ta sayar da tunkiyarta, an yi rubutu, an yi tofi, an kai shi asibiti Sakkwato, likita ya ce jin ba zai dawo ba. 'Yan kalmomin da ya iya kafin ciwon suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga Inna sai ruwa. In yana son abu sai ya ja zanen mutum ya nuna.

Da ya kai bakwai, Baffa Ladan, wan babanku kuma babba a gidan, ya kai shi makarantar unguwarmu tare da 'ya'yansa. Ba a tambaye ni ba, ban kuma sa ran a tambaye ni ba. Amma ni na yi firamare a Rabah kafin aure, na san yadda yaro yake dawowa in ya koyo abu, bakinsa ba ya zama, gawayi ba ya kwana a murhu saboda zanen bango. Yayanku yana dawowa sai ya ajiye jaka ya tafi bayan rumbu ya zauna. Wata rana ina shanya na hango shatar bulala a ƙafarsa. Na haɗiye. Da ranar rigakafi ta zo na goya Hadiza zuwa asibiti, a dawowa na saki hanya na bi ta bayan makarantar, na tsaya jikin taga kamar mai gyara goyo. Ajin cike yake maƙil, wasu a benci, mafi yawa a ƙasa. Malamin, bawan Allah, shi kaɗai da yaran nan duka, ya juya baya yana rubutu a allo yana faɗi, yara suna amsawa da ƙarfi. Na hango yayanku can ƙarshe jikin bango. Bakin na kusa da shi yake kallo, in ya buɗe shi ma ya buɗe, in ya rufe shi ma ya rufe, kullum a makare. Babu sauti. Baki kawai yake motsawa don kada a doke shi. Na tsaya har Hadiza ta fara mutsu-mutsu a bayana, na tafi gida.

Da la'asar muna tsakar gida ana ɗaurin tafarnuwa, lokacin an kwaso ta daga fadama. Inna tana kan tabarmarta, Baffa Ladan ya shigo gaishe ta. Na ajiye abin da ke hannuna.

"Inna, makarantar ga ba ta yi mishi ba."

"Wa?"

"Yaron nan."

Hannuwa suka tsaya cak. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke, lahiyarki? Tun da nike ban taɓa jin uwa ta sa baki ga zancen ɗan fari ba. Maigida nau na. Mi yag gama ki da shi?"

"Na leƙa ajin, Inna. Ba shi jin komi, ba shi koyon komi, sai bugu."

Baffa Ladan ya yi 'yar dariyar manya, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi shirme.

"Balki, kurma mi za shi yi da boko? An kai shi dai kada a ce ba a kai shi ba. In ya ƙara tasawa shi bi ubanai fadama. Albasa ba ta bukatar kunne."

"Yaya, albasa ba ta bukatar kunne, amma mu nan duk tahiya za mu yi. Wanda ba shi ji, ba shi magana, in bai iya rubutu ba, da mi za shi gaya ma likita inda ke mishi ciwo? Zanen wa za shi ja ran da Inna ba ta nan?"

Gida ya ɗauki salati. Inna ta ce ashe har ta kai in yi mata fatan mutuwa a gaban ɗanta, ta naɗe tabarma ta shige ɗaki. Ban yi mata fatan mutuwa ba, Allah Ya sani. Amma maganar ta fita, kuma ban janye ta ba.

Babanku mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, kuma shi ma kunyar ɗan farin yake yi. Washegari da safe zai tafi fadama, ya tsaya bakin ƙofata yana gyara fartanya a kafaɗa.

"Kin ɗebo ruwan dafa kanki. Inna ad da shi, kin sani."

"Na sani, Malam. Amma cikina yak kwana."

Ya sauke fartanyar.

"To mi kike so a yi?"

"A nemi inda za shi koya. Kuma in gani da idona."

Baffa Ladan, don a kashe maganar, ya ce wani abokinsa ya buɗe makarantar kuɗi a Goronyo, ba cunkoso, ba duka, yaron ya zauna gidan abokin. Inna ta yarda saboda daga bakin ɗanta ta fito. Ranar da babanku zai kai albasa Goronyo muka bi motar, ni da yayanku a gaba kusa da direba, warin albasa har cikin maƙogwaro. Makarantar kam ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Fenti shuɗi, benci kowa da nasa, yara fes da su. Mai makarantar ya tarbe mu da lemo, ya ce suna karɓar kowane irin yaro, kurma, gurgu, duk ɗaya ne a wurinsu. Babanku har ya fara gyaɗa kai. Ni kuwa babana masunci ne, ban taɓa ganin ya yarda da zurfin ruwa don wani ya faɗa masa daga bakin gaɓa ba, sai ya sa gora. Na roƙi a bar mu mu zauna a inuwa har a fito hutun tara. Da yara suka fito na saki hannun yayanku na tura shi cikinsu, na koma gefe na ja mayafi. Ya tsaya yana kallon masu ƙwallo, daga baya ya tsuguna yana wasa da ƙasa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka zuba a guje, fili ya zama wayam, ya rage shi kaɗai ya ba aji baya. Wani malami ya fito baranda ya daka masa tsawa sau biyu. Ta uku ya ce:

"Kai! Wai kai kurma ne?"

Na miƙe.

"Kurma na, malam."

Kunya ta kama shi, ya ba da haƙuri, ya ce ba a gaya masa ba. Na ce babu komai. Ba mugun mutum ba ne, amma daga barandar bai sauko ba. A mota babanku ya tambaye ni yaya na gani. Na ce in an bar shi nan, abin da yake yi a Wurno shi zai yi, sai dai a kan benci mai kyau.

Da muka dawo Baffa Ladan ya fusata, ya ce na kunyata shi gaban abokinsa. Wasu suka ce to a kai shi makarantar kurame ta kwana a Sakkwato. Na yi tunanin wannan ƙwarai, kuma daga baya can ya yi sakandare, ta yi masa amfani. Amma a lokacin yaro ne da ko ciwon ciki bai iya faɗi ba, Inna ta ce sai bayan ranta, ni ma a wannan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya da ita. Muna cikin haka Asabe, matar Kawunku Sani, ta zo daga Rabah barkar haihuwa a maƙwabta. Ta ja ni gefe ta ce a tsohuwar makarantarmu akwai wata malama baƙuwa, Malama Rahila, mutuniyar kudancin Kaduna, da take magana da hannu, har akwai kurame biyu a ajinta. Na gaya wa babanku. Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba.

"Ban hana ki gaida gida ba," in ji shi.

Na fahimta. Na ce wa Inna za ni Rabah gaida su Yaya Sani, kuma sun daɗe ba su ga yaron ba.

Makarantar tamu ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Tagogi babu murafu, awaki suna kwance a baranda, ƙararrawar ma tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a bishiyar dogonyaro. Da Baffa Ladan ya gani da ya ce a nan za ki zubar da shi? Ban nemi hedimasta ba, ban gaya wa kowa komai ba. Na jira tara, na saki hannun yayanku kamar yadda na yi a Goronyo. Aka buga ƙarfe, yara suka watse, ya rage shi kaɗai. Sai ga wata mace gajera, baƙa, da ɗankwalin atamfa, ta fito ƙofar aji tana kaɗa wani jan ƙyalle sama. Yara biyu daga can nesa suka gani suka rugo. Ta hango yayanku. Ba ta kira ba. Ta sauko, ta yi zagaye har ta ɓullo ta gabansa don kada ya firgita, ta tsuguna, fuskarta daidai da tasa. Ta nuna kunnenta, ta kaɗa hannu alamar babu, ta ɗaga gira tana tambaya. Yaron nan ya gyaɗa kai. Ta kama hannunsa ta kai shi gindin dogonyaro, ta ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ta ɗauki sanda ta buga. Ya janye hannu da sauri, ya dube ta, ya sake ɗorawa da kansa. Ta sake bugawa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, da ƙarfi, wata irin murya a shaƙe da rabona da jin ta tun kafin sanƙarau. Na rufe fuska da mayafi na yi kuka kamar an aiko min da mutuwa.

Na zauna bayan ajin har aka tashi. Ajinta ma yara da yawa, amma kuramen a gaba suke, kuma ba ta magana tana fuskantar allo. In ta rubuta sai ta juyo, ta faɗa da baki, ta yi da hannu, yaran duka su yi tare da ita. Ta ce min da ƙanwarta kurma ta tashi, a gida ta fara koya, daga baya ta ƙaro a kwas. Ba ta yi min daɗin baki ba.

"Maman yaro, ni ba likita ba ce, ba zai ji ba. Amma zai karanta, in kun taya ni. Abin da na koya masa da safe, in babu mai yi masa da yamma a gida, zubewa zai yi."

"Ni zan yi."

"Sai kin koya ke ma."

"Zan koya."

Na koma Wurno na faɗa. Tashin hankalin da aka yi ba sai na jera muku ba. Baffa Ladan ya ce ɗa na dangin uba ne, so nake in kai shi dangina in raba shi da gidan ubansa. Inna ta ce ga shi matar ba Musulma ba ce. Na ce ba salla za ta koya masa ba, allo yana nan gidan Yaya Sani da yamma. Ranar nan ne kaɗai na ga babanku ya yi magana a gaban wansa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce shi ma ya ga abin da ya faru a Goronyo, a bari a gwada. Inna ta ce da ƙafarta za ta je, ta ga inda za a kai mata miji.

Muka tafi mu huɗu, ni, Inna, yayanku, da Hadiza a bayana. Babanku ban ruwan fadama ya riƙe shi, ko kuwa ya bari ya riƙe shi, ban taɓa tambaya ba. Malama Rahila ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta ba ta kujerarta. Ta jawo yayanku gabanta, ta ce abu na farko da za ta koya masa shi ne sunansa, ya san shi a allo, ya san shi a baki.

"Yaya sunansa?"

Inna ta kau da kai.

"Maigida."

"Na yanka nake nufi, Mama."

Ku duba wannan abu: mata biyu da suka fi kowa son yaron nan a duniya, ɗaya sunan mijinta ne, ɗaya ɗan farinta ne, babu mai iya buɗe baki. Na waiga ko zan ga Asabe ko wani wanda zai fid da mu, babu kowa. Malama ta dube ni, ta dubi Inna, ta gane, don ta daɗe a ƙasar nan. Ta miƙo min alli ta ce ko rubutawa in yi. Har na kai hannu. Sai ta ƙara da cewa, a hankali, ba don ta tilasta min ba:

"Sai dai ki sani, fuskar da zai fi kallo taki ce. In bai ga sunan a bakinki ba, zai daɗe bai san nasa ba ne."

Shekara huɗu yaron nan yana da kunne, yana jin kukan kaza, yana jin kiran salla, bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Ina ta adana kunya har kunnen ya tafi. Baƙin cikin da na ji ran nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar rasuwar babana. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na janye hannu daga allin, na tsuguna da goyo a bayana, na kama fuskarsa da hannu biyu, na buɗe baki sosai yadda zai gani.

"Haliru."

Ya ƙura wa bakina ido. Na nuna ƙirjinsa.

"Haliru. Kai na. Haliru."

Na ji ƙarar kujera. Inna ce ta miƙe.

"Ɗiyar masunta, yau kin tuɓe zane a kasuwa. Tunda kin karɓe naki, ba ni wagga."

Ta kwance Hadiza daga bayana da hannunta, ta saɓa ta a kafaɗa, ta fita neman mota. Hadiza, kina miƙo hannu kina kuka har kuka sha kwana. Na san wani abu ya zauna miki a rai game da wannan, ko da ba ki taɓa faɗi ba, ina ganinsa in ana hirar ƙuruciya kika yi shiru. Zan iya bin ku, in durƙusa a tasha in ba da haƙuri, mu koma gida mu huɗu kamar yadda muka zo. Na auna. Ke kina da kunne, kina da baki, kina hannun wadda za ta ba ki abinci kafin ta ci. Shi in na saki hannunsa ranar nan, bayan rumbu zai koma har tsufa. Na zauna. Nonona ya daɗe da ƙafewa amma ran nan sai da ƙirjina ya yi min ciwo.

Zangon karatu guda na yi a gidan Kawunku Sani. Wannan shi ne yajin da kuka ji. Da safe in raka shi, in zauna bayan aji a kan tabarma, babbar mace cikin 'yan aji ɗaya, ina murɗa yatsu yara suna yi min dariya, hannuna ya saba da taɓarya ba da wannan ba. Da yamma in koya wa Asabe da 'ya'yanta abin da na koyo, don in na tafi kada ya rasa abokin hira. Babanku yakan zo ran Juma'a a kan kabu-kabu da ɗan ƙullin albasa, ya ce min Hadiza lafiya lau, ya zauna nesa yana satar kallon hannuwanmu. Kafin zangon ya ƙare yayanku ya rubuta sunansa a bangon Asabe da gawayi, harafi ɗaya a juye, ya ja ni ya nuna min. Asabe ta hana a shafe. Da na ga ya zauna, yana ci, yana faɗa da 'ya'yan kawunsa da hannu har a raba su, na ɗaure kayana na koma Wurno da ƙafata. Babu wanda ya je biko.

Abin da na tarar kun san wani, ba ku san wani ba. Hadiza ta ƙi ni, in na miƙa hannu sai ta ɓuya bayan Inna, sai da damina ta wuce kafin ta yarda ta kwana ɗakina. Matan unguwa in na shiga gidan biki sai a yi ƙus-ƙus, ga mai kiran ɗan fari. Baffa Ladan ya daina amsa gaisuwata sai da kai. Inna kuwa ba ta sake cin tuwon da na tuƙa ba. Ranar girkina sai ta sa a dama mata fura. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ina gaishe ta, tana amsawa a taƙaice, ina kai mata kwano, yana dawowa yadda ya tafi. Har ta koma ga Allah ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ce na tuba ba, domin ban san abin da zan tuba a kai ba. Na yi mata jinya da hannuna, kuma ina yi mata addu'a har gobe.

Abu ɗaya zan gaya muku wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani hutu da yayanku ya zo gida, na zagaya bayan rumbu ɗebo kara, na tarar da su biyu a zaune. Ya kama yatsun Inna, waɗannan yatsun da amosani ya lanƙwasa, yana gyara mata su, yana koya mata yadda ake cewa zo ka ci abinci. Tana yi tana kuskurewa, yana girgiza kai kamar wani babban malami, tana dungure masa ƙeya. Ta ɗago ta gan ni. Ta sauke hannu, ta gyara zane, ta ce mi nike kallo. Na ce kara na zo ɗiba. Daga ranar ba mu sake ta da maganar ba, kuma kwanon ya ci gaba da dawowa.

To ga shi nan, kun ji. Wanda ya ce na yi rashin kunya bai yi ƙarya ba, na yi, a gaban surukata, da rana tsaka. Amma kada a sake cewa yaji a gabanku ku yi shiru. Yayanku yau yana da shagon gyaran injin ban ruwa, manoma daga Goronyo har Rabah suna turo masa saƙo a waya yana ba su amsa. Ranar da ciwon babanku ya tsananta, shi ya kai shi asibiti, shi ya zauna da likita suna rubuta wa juna, babu zanen wanda ya ja.

In kun gama karantawa ku kai masa. Kada wanda ya zauna yana yi masa bayani da hannu, ba ya bukata, ku miƙa masa kawai ku ba shi wuri. Haliru, ɗana, ɗan farina, shekara huɗu kana ji ban kira ka ba. Ga shi na rubuta, ka karanta da kanka.